Sunana a Ƙarƙashin na Maigida

Shekaru kaɗan ne suka wuce, amma na lura abubuwan sun fara haɗe mini. Akwai maganganun da nake jin a gindin bishiya aka yi su, wataƙila kuwa a wurin wanke hannu ne. Akwai kwana biyu da mai yiwuwa na mai da su ɗaya. Abin da na tabbata da shi zan faɗe shi kai tsaye, wanda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Ina shekara ta uku a karatun ƙwarewa kan fiɗar mafitsara da hanyoyin fitsari aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Damargu, in yi wata shida. Ni ne ɗalibi na farko da aka taɓa turawa can. Malamanmu na Yamai sun sa asibitin cikin jerin wuraren koyon aiki ne a kan gwaji. In wa'adina ya kusa cika za a aiko wanda zai duba, ya ga ko ɗalibi yana samun abin da ya kamata ya samu. In ya gamsu, wurin ya zauna, a riƙa turo wani bayan wani. In bai gamsu ba a soke shi, ni kuma in sake watannin a wani asibitin. An gaya mini haka tun kafin in hau mota, kuma da tunanin na sauka.

Likitan fiɗa ɗaya ne tak a asibitin. Dogon mutum ne, furfura ta cinye masa kai, tabaraunsa kullum suna aljihu maimakon fuska. Kowa Maigida yake ce masa, ni ma na bi sahu. Ya yi shekaru yana roƙon a turo masa ɗalibai, don aikin ya yi wa hannu biyu yawa, kuma, kamar yadda ya taɓa ce mini, ba ya son abin da ya sani ya tsufa tare da shi. Sai Majo, shugabar ma'aikatan ɗakin fiɗa, Babarbariya mai faɗin murya, wadda ke iya shirya tiren kayan aiki tana faɗa da mutum uku a lokaci guda. Ranar da na iso ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne suka aiko mana? To, Allah ya sa yana cin abinci."

Na zo daidai lokacin da aiki ke cika. A Damargu tsoho zai yi damina guda da robar fitsari a jikinsa, jakar a rataye cikin babbar riga, haka yake zuwa gona. Ba zai yarda a kwantar da shi ba sai an yanke gero, an ɗaure, an zuba a rumbu. Daga nan sai su fara zuwa: manoman Falanko da Ollelewa a motocin kasuwa, makiyaya daga wajen Tenhya da Belbeji, wasu a amalanken jaki. Mafi yawansu ciwo uku ne ke kawo su: kumburin nan na cikin jiki da ke toshe wa tsofaffi hanyar fitsari, da tsakuwa a mafitsara, da gwaiwa.

Darasin farko da Maigida ya ba ni ba na wuƙa ba ne. Na zauna da wani dattijo ina ta tambayarsa yadda fitsarinsa yake, sau nawa yake tashi, ko yana yankewa. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, likita, sai ɗan abin da ba a rasa ba." Maigida ya leƙo, ya dubi mutumin da ya rako shi, ya ce, "Malam, don Allah nemo wa Baba ruwa mai sanyi a bakin ƙofa." Mutumin na fita, dattijon ya buɗe baki ya zazzage mini damuwar shekara biyu. Ashe ɗan rakiyar mijin ƴarsa ne. Daga baya Maigida ya ce, "Kafin ka tambayi tsoho ciwonsa, fara sanin wa ya kawo shi."

Ba mu da aji, ba mu da allo. In an gama ayyukan yini, bayan la'asar, sai a shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiyar dogon yaro da ke bayan ɗakin fiɗa, a ɗora shayi. Maigida ya karyo tsinke ya zana mafitsara a ƙasa, ya ce, "Nuna mini inda ka tsaya ɗazu kana tunani." In nuna. Ya share da tafin hannu, ya miƙo mini tsinken. Ban san iyakar mafitsarar da na zana a wannan ƙasa ba. Awakin unguwa suna bi ta kai da safe.

A makonnin farko shi ke aiki, ni ina ɗaya gefen gadon ina riƙe ƙarafan buɗe ciki, ina tsane jini, ina yanke zare. Wata safiya, ina jin Talata ce, muka wanke hannu, muka sa riguna, sai kawai ya zagaya ya tsaya a gefena, ya bar nasa gefen ba kowa. Na tsaya ina kallonsa. Majo ta miƙo wuƙa ta tsallake shi, ta ce mini, "Karɓi mana, ko sai an yi maka kiɗa?" Haka yake ba da aiki, ba ya sanarwa. In ka ga ya sauya gefe, to naka ne. Kuma in ka ɗauko hanyar da ba ita ba, ba ya tsawa, ba ya karɓe wuƙar. Yatsa kawai zai ɗora a wurin ya bar shi, har ka gane da kanka abin da yatsan ke cewa.

Ranar da na fara ciro tsakuwa da hannuna, na jefa ta cikin kwano ta yi ƙara, Majo ta ce, "Kai, ashe yana cin abincin." A asibitin akwai wata al'ada: duk wanda ya ciro tsakuwa shi zai wanke ta, ya kai wa mai ita hannu da hannu. Na kai wa mutumin tasa a cikin auduga. Ya juya ta, ya auna ta a tafinsa, ya ce zai kai wa matarsa ta ga abin da take cewa ragwanci ne. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan watanni ba. Ina faɗin haka da sanin cewa ni mutum ne da ba ya saurin sakin jiki da jin daɗi.

Yanzu sai in zo kan kuskuren.

A ɗakin fiɗa akwai babbar rajista da ake rubuta kowane aiki. Cika ta aikin ɗalibi ne. Kowane aiki yana da gida, a cikin gidan kuma akwai layi biyu na suna: na sama na wanda ya yi aikin, na ƙasa na wanda ya taimaka. Ranar da na fara riƙe wuƙa na zauna da alƙalami na daɗe. In rubuta sunana a sama, na Maigida a ƙarƙashi? Mutumin da ya haife ni a shekaru, wanda yake tsaye a kaina tun yankan fari har ɗinkin ƙarshe?

Mahaifina baduku ne a Damagaram. A rumfarsa na tashi. Mutum zai yi shekara biyar yana koyo, ya ɗinka jaka tun daga yankan fata har ado, amma in mai saye ya tambaya aikin wa ne, cewa ake aikin maigida ne. Wanda ya ɗinka ma haka zai ce, kuma da alfahari zai faɗa. Ban taɓa jin an kira wannan ƙarya ba. Ladabi ne, kowa ya san yadda abin yake. Don haka na rubuta sunan Maigida a sama, nawa a ƙasa, na ji zuciyata ta kwanta. Washegari ma haka. Har wata biyar. Shi kuwa duk Juma'a kafin masallaci nake kai masa rajistar, ya sa hannu a ƙasan kowane shafi yana tsaye, tabarau na aljihu.

Akwai wani abu kuma da nake yi wanda ban gaya wa kowa ba. Ina da ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, mai jan bango, irin na ƴan makaranta. Duk aikin da na yi, in na fito, sai in rubuta ranar da irin aikin, ba sunan majinyaci, sannan in jera duk abin da na ɓata. Na yanka fata gajere sai da na ƙara. Na yi gaggawar ja, jini ya taso, Maigida ya ɗora yatsa. Ƙullin farko ya yi sako-sako, na warware na sake. Ba na rubuta abin da ya tafi daidai, don ban ga abin da zan koya daga gare shi ba. Kayen yana cikin aljihun wandona kullum, kuma na ɗauka ba wanda ya san da shi.

Mai dubawar ta iso a farkon wata na shida. Farfesa ce daga Yamai, ƴar gajeruwa, ba ta da yawan magana. An kawo mata fura da nono ta ce a ajiye sai ta gama. Ta zagaya ɗakin fiɗa, ta buɗe tukunyar dafa kayan aiki, ta tambayi abin da ake yi in wuta ta ɗauke, ta duba ɗakin da nake kwana. Sannan ta sa aka bar mu mu biyu a ofishin Majo, ta rufe ƙofa.

"Ɗana, ba wanda zai ji abin da ka faɗa nan. Ana barin ka ka yi aiki da hannunka?"

"Ana bari, ranki ya daɗe. Sosai ma."

"Ana barin ka kai kaɗai, babban ya tafi harkarsa?"

"Ko sau ɗaya."

"Ana zama a koya maka?"

Na ba ta labarin tabarma da tsinke. Ta rubuta wani abu gajere. Ta ce duk inda ta je haka ɗalibai ke yabon wuri, wasu don gaskiya, wasu don tsoro, shi ya sa ba ta dogara da baki kaɗai. Ta jawo rajistar.

Na ga yatsanta yana bin layin sama, shafi bayan shafi. Tun kafin ta ɗago na gane abin da na yi, don a lokacin ne na fara ganin rajistar da idon wanda bai tashi a rumfar dukanci ba.

"Wata biyar," ta ce. "Ina naka?"

"Ga shi nan a ƙasa, ranki ya daɗe."

"Na ga na ƙasa. Riƙon ƙarfe aka kawo ka yi tun daga Yamai?"

Na ce ai da yawa daga ciki ni na yi. Ta tambayi wa ke cika rajistar. Na ce ni.

"To kai ka rubuta ba ka yi ba, kai kuma kake ce mini ka yi. Wanne zan kai wa waɗanda suka aiko ni?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin mahaifina da jaka. Ban san yadda maganar ta fito ba, ina jin ba ta fito da kyau ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, ba tare da faɗa ba, ta sha ganin wuraren da babban likita ke cinye ayyuka duka, ɗalibi yana gefe yana kallo, in an zo dubawa kuma ɗalibin ya rufa wa malaminsa asiri. A takarda, ta ce, wurinmu da irin waɗancan ba su da bambanci.

Aka kira Maigida. Ya ciro tabarau ya sa, ina jin karo na farko ke nan da ya karanta rajistar tun zuwana. Ya buɗe shafi, ya buɗe wani, sai dariya ta kama shi har ya nemi kujera.

"Ni na yi wannan? Ran nan ko ƙotar wuƙar ban taɓa ba. Wata biyar ina hutawa abina, ashe a takarda ni kaɗai ke ta wahala."

Farfesa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka sa hannu a kowane shafi."

Ya cire tabaraun a hankali. Ya ce, "Na sa."

Ta ce gobe bayan azahar za ta koma, kuma da abin da ke gabanta ba ta ga yadda za ta rubuta a bar wurin ba. Ban iya kallon Maigida ba. Watannina da zan sake ba su ne suka fi damuna ba, ko da yake sun dame ni. Abin da ya tsaya mini shi ne, mutumin ya yi shekaru yana roƙon ɗalibi, aka ba shi ɗaya, ɗayan kuma ya rufe masa ƙofa da sunan girmamawa.

Saura zagayen majinyata, don yana cikin abin da take dubawa. Muka shiga ɗakin maza. A gadon kusa da taga akwai wani tsohon Bafillace, ina jin daga wajen Tenhya, da aka cire wa tsakuwa kwana uku da suka wuce. Tun ranar da aka kwantar da shi suke ta wasa da Majo, irin na Fulani da Barebari. Tana shiga ya ce, "Ga baiwata ta zo. Ina furar da na aike ki?"

"Bawa ba ya aike," in ji Majo. "Kwanta, Baba, manya sun zo ganin dutsen da ka sata."

Ya zaro tsakuwarsa daga ƙarƙashin matashi, a ƙulle cikin gefen rawani, ya nuna wa Farfesa kamar mai nuna ɗan maraƙi. Ta duba ɗinkin, ta duba launin fitsarin da ke cikin jaka, sannan ta ce, "Baba, wa ya yi maka aikin?"

Ya nuna ni da haɓa. "Wancan, mai rawar ƙafa."

"Ai an sa maka labule a gaba. Ta yaya ka sani?"

"Hajiya, ƙafafu aka kashe mini, ba kunne ba. Ido biyu nake. Tun da aka fara yake bismilla, bismilla, kamar mai shiga rijiya. Babban kuwa shiru, har na ce a raina ko barci ya yi. Sau ɗaya na ji ya ce, a hankali. Da aka gama wannan ɗin ya kawo mini dutsena da hannunsa. Nan gidan wanda ya ciro shi ke kawowa, duk ɗakin nan sun sani."

Daga sauran gadajen aka ce haka ne. Wani ya ɗago nasa a cikin gwangwanin tumatir. Na ga gefen bakin Farfesa ya motsa.

Da muka fito baranda ta ce, "Na yarda da tsohon. Amma wannan na mako ɗaya ne. Ni wata biyar nake nema."

Sai Majo ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ya kawo jan kayen mana."

Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ashe ta daɗe tana ganina in na fito aiki ina laɓewa bayan tankin ruwa ina rubutu. Zan faɗi gaskiya: na yi tunanin in ce ya ɓata. A ganina kayen nan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai dubawa ta gani. Ba kome a ciki sai ɓarna. In ta karanta, na ce a raina, za ta ce ba hana ɗalibi aiki kaɗai ake yi ba, har wanda bai iya ba ake sakar wa cikin mutane. Amma yana aljihuna, Majo kuma ta san aljihun. Na ciro shi na miƙa da hannu biyu.

A gindin dogon yaro ta zauna, rajista a cinya, kaye a hannu. Aka ɗora shayi. Tana karanta rana a kaye, ta nemo ta a rajista, ta yi ɗan alama da fensir. Ni ina zaune a bakin tabarma ina jiran hukunci. An sha shayin fari, an sha na biyu, tana ta dubawa. Maigida yana ta zane a ƙasa da tsinke, ba ya zana kome.

Can ta ce, "Wa ya sa ka rubuta wannan?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

"Ina inda kake rubuta abin da ka yi daidai?"

Na ce babu.

Ta karanto wani wuri a fili: na shiga mafitsara ƙasa da inda ya kamata, Maigida ya ɗora yatsa, na koma sama. Na so ƙasa ta buɗe. Ta rufe kayen a kan yatsanta ta dubi Maigida.

"Mai riƙon ƙarfe ba ya irin wannan kuskuren. Wannan kuskuren mai wuƙa ne." Ta sake buɗewa ta nuna masa. "Ka ga shafukan farko, cike suke har gefe. Ka ga na watan nan, layi biyu, layi ɗaya. Kuma ban ga shafin da yatsanka ba ya kusa ba. Abu uku nake yawo ina nema a asibitoci: ɗalibi ya yi da hannunsa, babba yana tsaye, kuma a ga yana gyaruwa. Yawanci sai na yi ta tono. Shi wannan ya rubuta mini su duka, ya ɓoye a wando."

Majo ta ce, "Ai abinci yake ci, wayo ne dai babu."

A nan ne Farfesa ta yi dariya, ta ce a kawo mata furar nan.

Duk da haka ta ce sai ta gani da idonta. Washegari da safe akwai wani manomi daga Falanko mai toshewar fitsari. Ta sa riga da hula ta tsaya a bayana. Muka wanke hannu, Maigida ya zagaya ya tsaya a gefen mai taimako kamar kullum. Na yi yankan fari ina sane da ita a bayana. Amma da na shiga ciki sai na manta da ita, na manta da Yamai, sai abin da ke gaban yatsuna. Sau ɗaya Maigida ya ɗago yatsa, na gane kafin ya sauke shi, ya mai da hannunsa. Da na ɗaura ƙullin ƙarshe na waiwaya, har ta cire hula tana rubutu a jikin bango.

Aka kawo rajista. Maigida ya ciro alƙalaminsa ya ba ni, ya sa tabarau, ya tsaya a kaina.

"Rubuta. A sama."

Na rubuta sunana a layin sama. Sannan na tsaya.

"Saura nawa," ya ce. "A ƙasa. Ka san yadda ake rubuta shi, ka yi wata biyar kana koyo."

Na yi fiɗa da yawa kafin ranar da bayanta, amma ban tuna wadda ta sa ni gumi kamar waɗannan layuka biyu ba. Da na gama ya dafa kafaɗata ya ce, "Mahaifinka yana da gaskiya a rumfarsa. Jaka in ta yage, shi za a mayar wa. Nan kuwa in mutumin nan ya dawo bayan shekara, dole a san hannun da ya shiga cikinsa. Girman da kake son ba ni, ka ba ni shi a gaisuwa."

Farfesa ta kafa sharaɗi ɗaya kafin ta tafi: kada a goge kome a rajistar, a bi ta gida gida, a rubuta gyara a gefe, mu biyu mu sa hannu, a aika mata hoton shafukan ta waya. Yamma biyu muka yi a kan tabarma muna wannan aiki, kaye a buɗe. Maigida yana karantowa: "Wannan naka. Wannan naka. Wannan ma naka. Tsaya, wannan nawa ne, kada ka ƙwace mini, ɗan abin da ya rage mini ke nan." Majo tana zuba shayi tana gyara mana duka biyun.

Takardar amsa ta zo ina haɗa kayana. An bar wurin a jeri, an kuma karɓi watannina. Maigida ya karanta ta sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu tare da tabarau, ya aika aka sayo cuku da gasasshen nama aka raba har ɗakin majinyata, ban da waɗanda aka hana ci. Wadda ta gaje ni mace ce. An gaya mini ranar da ta iso, kafin a nuna mata ɗakin kwana, Majo ta buɗe mata rajista ta ɗora yatsa a layin sama ta ce, "Nan ake rubuta wanda ya yi. Mun taɓa yin wani mai ladabi, ya kusa rufe mana gida."

Da na je Damagaram na ba mahaifina labarin. Ya saurara yana huda fata, bai ɗago ba. Da na kai ƙarshe ya ce shi dai har yanzu bai ga laifina ba, amma tun da malamin da kansa ya ce a rubuta shi a ƙasa, to bin umarninsa ma ladabi ne. Ina jin a nan muka tsaya, ni da shi.

Har yau ina da jan kaye, na huɗu ke nan. Na ƙara masa layi ɗaya a ƙasan kowane shafi don abin da ya tafi daidai, ko da yake sau da yawa nakan manta in cika shi.

Waɗanda suke wurin a lokacin suna nan da ransu, kuma sun fi ni riƙe wasu abubuwan. Ban tabbata ko tsohon nan na gadon taga daga Tenhya yake ko daga Belbeji ba. Ban tabbata ko a baranda Majo ta tona mini asiri ko tun cikin ɗakin maza ba, kuma mai yiwuwa na sassauta wasu kalmominta. Duk wanda ya karanta wannan ya ga inda na karkace, ko na ba wani maganar da ba tasa ba, don Allah ya aiko mini. Ba zan goge ba, zan rubuta gyaran a gefe.